Malam Masahudu da Kofin da Ya Hana Mu

Kafin motar kamfani ta tsaya a bakin layinsu a unguwar Al Mirqab, Malam Masahudu Bawah ya riga ya yi sallar Asuba, ya karya da burodi da wake, ya kuma hana kansa kofin shayi na biyu. Yana son shayi kamar kowane mutumin Zangon Kumasi, amma wanda zai wuni a kujera ɗaya ba ya cika cikinsa da ruwa. Motar takan bi da su ta bayan gari, har inda dogayen gine-ginen Doha suke ƙarewa yashi ya karɓa. A can akwai wani filin tseren ƙananan motocin nan marasa rufi, waɗanda direba ke zama a cikinsu dab da ƙasa. A wannan fili ya yi fiye da shekara goma yana riƙe da lokaci.

Aikinsa yana farawa tun babu kowa. Yakan zare ƙananan na'urori daga caji, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, ya bi motoci yana ɗaura wa kowace tata. Yakan duba lambar na'ura, ya duba lambar mota, ya sake dubawa. Daga nan ya tura mota ɗaya da hannu ta haye farin layin da ake tashi a kansa, a kuma ƙare a kansa. A ƙarƙashin layin akwai waya da aka binne cikin kwalta, ita ce ke jin kowace na'ura idan ta gifta, ta kai labari ga kwamfuta. Sai ya ɗaga kai wajen ɗakin gilashin da ke saman bene, inda abokin aikinsa Rashad, wani ɗan Sudan, yake zaune.

"Ta fito?"

"Ta fito, ya Hajj. Jiya ma ta fito."

"Jiya ta jiya ce," in ji shi, ya tura ta biyu.

Dole in tsaya a nan in yi bayani, domin rashin fahimtar wannan ne ya haifi duk abin da ya biyo baya, kuma na gaji da yinsa a tsaye a kasuwar Souq Waqif ana katse ni. Tseren juriya ba irin gudun da muka sani ba ne, wanda duk wanda ya riga isa shi ne gwani. A nan lokaci ake yankewa, a ce awa shida, motoci su yi ta zagaya fili. Wanda ya fi yawan zagaye lokacin da agogo ya cika shi ne a gaba. Bayan awa guda ido ba ya iya gane na gaba da na baya, domin motar da kake gani tana jan layi wataƙila an zagaye ta sau uku. Kowace ƙungiya mota ɗaya gare ta da direbobi da yawa, suna karɓar juna a rumfar canji. Akwai kuma ƙa'ida: ba a yarda direba ya wuce wani adadin lokaci a zama ɗaya ba, don gajiya a kan irin wannan gudu tana kisa. Wanda ya wuce, a zare masa zagaye daga abin da ya tara. Saboda haka tutar nan mai gidajen dara, baƙi da fari, ba ita ke ba da kofi ba. Tuta tana cewa an gama ne kawai. Wanda ya ci, daga ɗakin gilashi ake saukowa da sunansa.

Malam Masahudu, kai ne mutumin da ya tsufa a filin tsere bai taɓa kallon tsere ba. Jama'a na ihu a kwana, ana wuce juna, ana gogayya, kai idonka yana kan ɗan tsirin kwalta mai farin layi, yana komawa kan allo, yana dawowa. Ko sallar Azahar sai Rashad ya zauna a kujerarka ya ce ya karɓa, sannan kake juya baya.

Rashad ya shaida mini cewa wata rana da zafi, ana tsakiyar tsere, Malam Masahudu ya ɗauki rediyo ya ce wa masu tsaron hanya, "Lamba tara ba ta dawo ba." Babu wanda ya ga haɗari, babu ƙura, babu ihu. Shi dai ya san lokacin da ya kamata motar ta gifta layi, kuma ba ta gifta ba. Aka same ta a kwanar can ta nesa, ta shige bayan tulin tayoyi, direban ya suma saboda zafi. Mutumin yana nan da ransa, kuma ina kyautata zaton har yau bai san sunan wanda ya lura da rashinsa ba. Rashad ya kuma ba ni labarin wani mai kamfani da ya hau bene kafin a tashi tsere, ya ajiye kwalbar turaren oud a kan teburi, wai gaisuwa ce. Malam Masahudu ya yi godiya, ya saukar da kwalbar ya ajiye a matakala, ya ce a ɗakin nan ƙamshi yana shiga ido.

To, ga mutumin da mu, 'yan uwansa, muka yi kusan shekara muna amsa masa sallama da rabin baki. Ina rubuta wannan da ladabi, Allah ya huci zuciyar manya, kuma ban sa komai a nan ba sai da na tambayi waɗanda suka gani.

Filin yana shirya tseren awa shida na ƙungiyoyin ma'aikata a ranar hutun wasanni ta watan Fabrairu. Shekara da shekaru 'yan Nepal da 'yan Filifin da 'yan Indiya ne ke shiga, mu muna ɗaki muna barci. Malam Masahudu ne ya zo majalisarmu ta Juma'a ya ce, "Ku da rabinku direbobi ne, ba ku jin kunya?" Shi ya roƙa mana gurbi. Shi ya riƙa zuwa duk Juma'a yana karanta mana ƙa'idoji, yana nanata ta zaman direba, cewa kada a wuce minti arba'in. Me muke yi a lokacin? Muna gardamar sunan ƙungiya. 'Yan Najeriya suna son kore da fari, 'yan Gana sun ce sai an sa tauraro a ƙirji. Har aka tashi zama biyu ba a yi addu'ar rufewa ba. Mutum yana gaya mana abin da zai kayar da mu, mu muna auna wuyan riga.

Jagoranmu shi ne Alhaji Lado, shugaban ƙungiyar Hausawanmu, mutumin Funtuwa, wanda ya yi tuƙin dogon zango a gida kafin ya zo yana tuƙa wasu iyali a unguwar Al Gharrafa. Kada kowa ya raina shi don furfura. A ranar, Allah ya sani, babu wanda ya kai shi iya kwana. Tsakaninsa da Malam Masahudu kuwa akwai tsohon barkwanci. Alhaji ba ya kiransa sai "ɗan Gwanja", shi kuma kullum yana amsawa da cewa Kumasi ba Gwanja ba ce, sai dai Bakatsine bai san taswira ba.

Da hantsi wani abu ya faru wanda ya kamata a riƙe. Na'urar motarmu ta yi gardama, muka gifta layi kwamfuta ba ta ji ba, zagaye ɗaya ya ɓace mana. Kafin ma mu lura, Malam Masahudu ya sanar da alƙalin tsere cewa ya ga motar da idonsa, aka ba shi izini ya mayar da zagayen da hannu. Muka yi ta kabbara a rumfa. Wani ya ce, "Ai namu na sama!" Babu wanda ya damu ya ji cewa bayan Azahar ya yi wa 'yan Nepal daidai irin wannan.

Aka shiga awa ta ƙarshe muna gaba da zagaye ɗaya, 'yan Nepal na biye. Alhaji ya karɓi mota saura minti hamsin a gama. Ko yaron firamare ya san hamsin ta fi arba'in. Tsarin shi ne ya yi rabin awa ya shigo, wani ya ƙarasa. Wanda aka ba allon kira, wato ɗan allon da ake ɗaga wa direba daga bakin rumfa, shi ne Uwais, mai gadi a wani kanti, mutum mai hankali da natsuwa. Abin da babu wanda ya tuna shi ne Uwais mijin Asabe ne, 'yar Alhaji ta fari. Mutumin da bai taɓa kiran sunan surukinsa ba, wanda ko abinci ba ya iya ci a gabansa, shi muka ɗora wa aikin ya daka masa tsawa a bainar jama'a.

Kowace ƙungiya kalma ɗaya take rubutawa a allonta da manyan baƙaƙe. Uwais ya riƙe alli ya kasa rubuta wa surukinsa "shigo" kai tsaye, kamar yana kiran yaro. Ya goge, ya sake, ya goge. Abin da ya fito a ƙarshe, kuma mutane da yawa sun karanta, shi ne: "Baba, in babu damuwa, ko za a ɗan huta." Ya ɗaga shi iya ƙirji, kansa a sunkuye. Alhaji ya zo ya wuce kamar iska, ya ɗaga masa babban yatsa. Uwais ya sauke allo.

"Ɗaga mana, Uwais!"

"Ai ya gani. Ya amsa."

"To ka kira shi!"

"In kira shi da me?"

Mu ma da muke tsaye, wa ya karɓi allon? Babu. Kowa yana zungurar na kusa da shi. Ana haka lambar motarmu ta fara walƙiya a babban allon fili. Wannan gargaɗi ne da ɗakin gilashi ke yi wa kowace ƙungiya idan direbanta ya kusa cika lokaci, kuma iyakar abin da ƙa'ida ta yarda Malam Masahudu ya yi ke nan. Wasu daga cikinmu suka ɗauka karramawa ce ga na ɗaya, suka fara tafi.

Tuta ta sauka a kan Alhaji. Aka ɗauke shi sama, aka kira gida ta bidiyo, Funtuwa ta ji, Kumasi ta ji. Muna cikin haka sakamako ya fito a allo: an zare mana zagaye biyu, 'yan Nepal ne na ɗaya.

Alhaji ya hau benen nan da hular kwano a hannu, mu muna bayansa.

"Ɗan Gwanja, mene ne wannan?"

"Alhaji, ka wuce lokaci. Na kunna maka wuta."

"Wa ya ga na wuce?"

"Ni."

"To ai shi ke nan, kai ne! Da safe ba da hannunka ka ƙara mana zagaye ba? Hannun ya shanye ne da yamma?"

"Da safe na ga kun wuce layi, na faɗa. Yanzu na ga ba ka shigo ba, na faɗa. Idon ɗaya ne, Alhaji."

"Mu da muke cin tuwo kwano ɗaya da kai? Ka ɗauki kofi ka ba mutanen da ko sallama ba su iya ba?"

Malam Masahudu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Su ma ɗazu sun ce ni naku ne." Rashad ya buɗe ƙofa ya ce, "Yalla, ya jama'a, khalas," wato mu tafi, magana ta ƙare. Muka sauko.

Daga ranar sunansa ya koma "Agogon Nepal". Idan ya zo majalisa, sai benci ya cika. Idan ya sa gaisuwar Juma'a a zauren WhatsApp, sai a yi tsit kamar an aiko da sammaci. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango nasa. Mu muka ƙi sauraron ƙa'ida, mu muka ba suruki allo, mu muka yi tafi ga gargaɗi, amma wanda ya faɗi abin da ya gani shi ne maci amana. Ina roƙon a gaya mini, da a ce ya rufe ido ya ba mu, wane irin kofi za mu aika hotonsa gida? Kuma gobe idan 'yan Nepal suka sami nasu a ɗakin gilashi, bakin wa zai iya ƙara?

Kai ma, Malam Masahudu, ka ba ni haushi, kuma zan faɗa. Wata nawa kana zuwa kana zama a ƙarshen benci, ka sha shayinka, ka yi sallama ka tafi, ba ka taɓa buɗe baki ka kare kanka ba? Ba ka taɓa ambaton allon Uwais ba, ko sau ɗaya. Da na matsa maka, cewa ka yi, "In na faɗa, yaron zai shiga uku a gidan surukai. Ni ba 'yar kowa nake aure a Funtuwa ba." Haƙuri irin wannan yana gajiyar da mai kallo.

Yanzu ga shi zai tafi. Yanar ido ta fara rufe masa gani, lambobin allo suna haɗewa, kuma shi da kansa ya je ya gaya wa masu fili, tun kafin kowa ya lura, cewa idon da ake shaida da shi ya fara ƙarya. Kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya sa hannu, tikiti ya fito, matarsa Zalihatu tana jira a Kumasi.

Kowa ya san al'adarmu a nan. Wanda zai koma gida gaba ɗaya ana yi masa rakiya. A taru ranar Juma'a bayan La'asar, 'yan Gana su kawo waakye, wato shinkafa da wakensu, mu mu kawo tuwo, mai tafiya ya miƙe ya nemi gafarar jama'a, shugaba ya amsa a madadin kowa cewa an yafe, shi ma ya nema mana. Sannan a ɗauki akwatinsa zuwa filin jirgi, ba a barinsa ya taɓa. Mun yi wa mutanen da suka yi shekara biyu. Mun yi wa wanda aka kora saboda barci a bakin aiki. Amma sai shugaba ya sa rana, kuma saura kwanaki kaɗan jirgin Malam Masahudu ya tashi, Alhaji bai ce uffan ba. Dattijo zai ja akwatinsa shi kaɗai, ya bar ƙasar da ba lalle ya sake haɗuwa da ɗayanmu ba sai a gaban Allah, babu wanda ya ce masa an yafe, shi ma ba a ba shi damar yafe mana ba.

Na kwana biyu ina tsara yadda zan tunkari Alhaji. Na roƙi Uwais ya raka ni, ya ce shi dai zai tsaya daga nesa. Muka same shi a Al Gharrafa, a inuwar katangar gidan da yake aiki, yana goge babbar motar maigida. Na gaishe shi, na fara jawabin da na haddace.

"Kai mai difloma, taƙaita," in ji shi. "Maganar ɗan Gwanja ce?"

"Ita ce, Alhaji."

"Mutumin da ya bari na yi ta zagaya kamar jakin niƙa, babu wanda ya ce in shigo?"

Sai muka ji murya daga bayan mota. Uwais ne, ya durƙusa, yana magana da taya. "Baba, an ɗaga allo."

"Wane allo? Wannan wasiƙar? Ina gudu kana rubuta mini huɗuba?"

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya yi tas. Can ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Na ga allon. Wutar ma na gan ta, kuma na san ma'anarta." Ya matse tsumma. "Shekara nawa ina cikin motar nan, ana ce mini shwayya-shwayya, a hankali a hankali, daga kujerar baya, kyamara na jirana a kowace fitila. Ranar nan babu kujerar baya. Na ce bari in ƙara ɗaya. Na ƙara, na ce bari in ƙara ɗaya."



"Kofin nan har gobe namu ne," in ji shi, yana nuna ni da tsumma. "Kada ka rubuta cewa na ce ba namu ba ne. Amma ɗan Gwanjan ma namu ne. Juma'a, bayan La'asar. Akwatinsa a motata zai shiga."

"In rubuta sauran, Alhaji?"

"Rubuta mana. Kai da diflomarka kuna da wani aikin ne?"

To, jama'a, an sa rana. Wanda ya yi tafi ranar nan ya zo, wanda ya matsa ya cika benci ya zo da wuri ya ba da wuri. Masu gadi a cikinmu, da masu riƙe makullin sito, da duk wanda wata rana ɗan uwa zai zo ya ce masa ya kawar da kai, su zo su kalli wannan dattijo da kyau, domin irin tambayar da aka yi masa a saman bene tana nan tafe gare su, kuma da harshen gida za a yi ta.

Malam Masahudu, mai ido ɗaya ga na gida da na dawa, mun gode. Kai ne ka kai mu filin, kai ne ka mayar mana da abin da yake namu, kai ne ka hana mu abin da ba namu ba, ka kuma rufa wa Uwais asiri da bakinka a rufe. Allah ya ba idonka lafiya, ya kai ka Kumasi cikin aminci, ya sa ka tarar da iyali lafiya. Ka yafe mana tun kafin Juma'a, don kada nauyin ya yi mana yawa a ranar.

Saura matsala ɗaya. Alhaji ya ce shi zai yi jawabin bankwana, kwamiti ya yanke masa minti biyar, kuma an rasa wanda zai tsayar da shi. Uwais ya rantse ba zai sake taɓa allo ba. Na je na tambayi Malam Masahudu ko zai riƙe mana lokaci, karo na ƙarshe. Yana ninke riguna, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"A bar Alhaji ya zagaya iya son ransa," in ji shi. "Agogon na riga na sa a akwati."